Tsohuwar Cikin Labarina Ta Sani

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Lawan da nake ɗauka nawa ko ubanku ya so ko ya ƙi, na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. An ce muku ni na fasa wa kakarku labarin rasuwar Bukar, wai bakina ne ya kai ta kabari. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska cikinku, don kuna da tarbiyya, amma ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai duk ranar da aka ambaci sunan Inna ina wurin. Na daɗe ina haɗiye maganar nan. Yanzu ido ya soma gajiya, gwiwa kuwa ta riga ni ajiye aiki, saboda haka zan rubuta muku yadda abin ya faru a wannan shekara, wanda ya ga dama ya yarda.

Bukar shi ne autanmu, kuma tunda aka kafa gidanmu a Gure ba a haifi wanda ya sha faɗa kamarsa ba. An sa shi lakwal, makarantar boko, ya gudu. An kai shi wajen tela ya koyi ɗinki, ya mayar da shagon wurin hira da shayi har mutumin ya kawo ƙara. An ba shi awaki ya kai kiwo, ya dawo da labari mai daɗi babu akuya biyu. Yaya Lawan ba ya iya gama cin tuwo bai ambaci lalacewar Bukar ba, ni ma ban bar shi a baya ba, don bakina kun san shi. Inna kaɗai ke dariya tana cewa mu bar mata ɗanta. Da ya girma sai ya kama hanyar Libiya kamar sauran samarin garin, ya yi shekara ko fiye, ya faɗo ba sanarwa da bargo a kafaɗa da yunwa a ciki. Saboda wannan hali nasa na zuwa ba zato, Inna ta ɗauki wata al'ada. Kullum da yamma sai an zuba tuwo a wani kwano mai murfi, ta ajiye shi bakin ɗakinta har gari ya waye, ko Allah zai jefo shi. In bai zo ba, da safe a yi ɗumame. Tana kuma da wani rago da take kiwo a bayan ɗaki, wai na auren Bukar, duk da babu yarinyar da ta taɓa yarda ta jira shi.

Da kaka, ana cikin ɗaurin hatsi, wani mutumin Gidigir ya zo shagon Yaya Lawan a kasuwa, ya ce yana son magana da babban gidan su Bukar. Ya ce tare da Bukar suka taso daga Libiya za su gida. Motarsu ta lalace a tsakiyar sahara, ruwa ya ƙare, kafin wata mota ta bi ta wurin mutane da dama sun cika, har da Bukar. Shi mutumin da hannunsa ya tona rairayi ya rufe shi. Yaya ya aiko aka kira ni, na ji wannan bayani da kunnena, na kuma yi wa mutumin tambayoyin da daga baya na yi da-na-sanin jin amsarsu.

Lokacin Inna ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba. Bayan rasuwar Baba ɓarin jikinta ya shanye, aka sha wahala kafin baki ya dawo, ƙafa ɗaya kuwa har ta koma ga Allah tana jan ta. Lokotoro ya ja mana kunne, ya ce jininta yana hawa sosai, a kiyaye ta da mummunan labari. Saboda haka ranar da mutumin Gidigir ya tafi, Yaya ya tara mu a bayan shagonsa, ni da matarsa Fanna, idonsa jawur.

"Ba wanda zai faɗa mata," in ji shi. "Na binne uba, ga ƙane ya tafi ko gawarsa ban gani ba. Ba zan ƙara da uwa ba. Duk wanda ya buɗe baki, shi ya kashe ta."

Na yarda, kuma ba don tsoronsa ba. Ni ma a ranar abin da na gani daidai ke nan. Aka yi sadakar Bukar a Damagaram gidan kawunmu, muka ce wa Inna suna muka je. Aka bi maƙwabta gida gida aka roƙe su su kame bakinsu. Mata su zo gaishe ta, su tsaya a zaure su goge hawaye, su shiga suna fara'a. Yaya ya riƙa sayen shayi da sukari a kasuwa yana kawo mata, ya ce saƙon Bukar ne, ko ya ce ya bugo masa salula yana gaishe ta. Unguwa guda ta zama 'yan wasa, tsohuwa ɗaya ce 'yar kallo.

Ni a wannan lokaci a Kelle nake aiki, ina koyar da matan aure yaƙi da jahilci, sai ƙarshen sati nake zuwa Gure in kwana ɗakin Inna. Littattafan Hausa da aka ba mu ba su da yawa, kuma matan sun haddace su har suna karantawa ido rufe. Sai na koma ƙirƙiro musu gajerun labarai da kaina, in rubuta a babban allo, mu bi layi layi. Ina da wata ɗabi'a da suka sanni da ita. Duk labarin da muka gama, ba na tambayar wa ya je ina ko wa ya sayi me. Tambayata ita ce, cikin mutanen labarin nan wa ya san abin da ake ciki, wa bai sani ba, kuma ta yaya kuka gane. Na lura mace za ta iya furta kowane baƙi daidai amma ba ta karanta komai ba. In kuwa ta iya gaya mini abin da ɓarawo ya sani wanda mai gida bai sani ba, to ta karanta. Har suna suka sa mini, Madam Wa-ya-sani, kuma ina jinsu suna faɗa a bakin rijiya.

Rani ya yi nisa, zafi ya shigo, ni kuma abin yana cina. A Gure ba ni da damar kuka, a Kelle kuma ba wanda ya san an yi mini rasuwa, don na ji tsoron magana ta zagaya ta koma gida. Wata rana na rasa labarin da zan ba su, sai na zauna na rubuta wanda ke cikina. Na sauya komai da za a iya gane mu da shi. Tsohuwar na sa mata Dije, ɗanta Sale, na ce kudu ya tafi neman kuɗi jirgin ruwa ya kife da shi, 'ya'yanta suka ɓoye mata. Amma abubuwan da tsohuwa ke yi yau da gobe ban tsaya ƙirƙira ba, don ga su nan ina gani kowane sati. Abin da idona ya ga Inna na yi, shi na zuba wa Dije. Nufina matan su ji tausayin uwar da ke jiran wanda ba zai zo ba, ni kuma in samu in yi kukana a fakaice.

Bayan azahar muka taru a rumfar zana kamar kullum. Zuwaira, wata matashiya da ta fi kowa saurin karatu, ita ta karanta daga farko har ƙarshe, wasu suna share ido da bakin mayafi. Na ji daɗi, na ce labari ya kama. Sai na jefa tambayata.

"Yaran sun sani, maƙwabta sun sani," in ji Zuwaira. "Tsohuwa ce kaɗai ba ta sani ba, baiwar Allah."

Na gyaɗa kai, na ɗauki tsumma zan goge allo. Sai wata dattijuwa da muke kira Ya Gana, mai saƙar tabarma, wadda ke bin kowane baƙi da ɗan yatsa a iska kafin ta furta shi, ta yi gyaran murya daga baya.

"Madam, kar ki goge. Tsohuwar nan ta sani."

Dariya na yi. Na ce, "Ya Gana, ni fa na rubuta labarin. Ba ta sani ba."

"Ke kika rubuta, ba mu musa ba," in ji ta. "Amma ga shi nan a allo, kowa na gani. Zuwaira, koma mana wajen tuwon."

Zuwaira ta ce ai wajen tuwon ne ma ya nuna ba ta sani ba, tunda har yanzu kullum sai ta sa an zuba wa Sale nasa. Ya Gana ta ce ta dai karanta. Ta karanta inda na rubuta cewa da aka yi magariba babban ɗan ya tafi masallaci, sai Dije ta kira maƙwabciyarta ta kan katanga ta miƙa mata kwanon, ta ce kar ya lalace, zafi ake yi.

"To, a farkon labarin fa?" in ji Ya Gana. "Ba har safe kwanon ke kwana ba? Zafin bana ya fi na bara ne? Matar da ke sa ran ɗanta zai iya faɗowa cikin dare ba za ta ba da tuwonsa tun magariba ba. Nawa ɗan yana Libiya, ku tambaye ni."

Rumfa ta kaure. Wasu suka ce Ya Gana ta cika son gardama, tsohuwa ce kawai mai tattali. Wata mai suna Hajara, wadda da wuya a ji bakinta a aji, ta ce ita wani abu ne ya tsaya mata. A farkon labari duk wanda ya shigo sai Dije ta tambaye shi ko an ji ranar dawowar Sale. Amma tun daga inda aka fara kawo mata shayi da sukari, ba ta sake tambaya ba, sai dai ta ce madalla tana amsawa. Zuwaira ta ce wataƙila ta gaji da tambaya ne. Mata uku suka taso mata lokaci guda, suka ce ta bari ta haifi mai tafiya tukuna ta ga ko ana gajiya da wannan tambaya. Zuwaira ta sake bin allo da ido, can sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ragon! Ragon auren da ta ce ya cika ci, ta sa aka yanka ranar Juma'a aka raba wa mutane. Ashe sadaka ta yi masa!"

Na ce, "In ta sani, don me take sa a zuba tuwon?"

"Don yaran su gani mana," in ji Ya Gana. "Su suna ɓoye mata, ita kuma tana ɓoye musu ta gane. Kin ga kowa na lallashin kowa."

Allin da ke hannuna ya faɗi. Na zauna a kan benci. Ban ƙirƙiri kwanon nan ba. Ban ƙirƙiri ragon ba, ni da kaina na raba namansa a unguwa ina ta mitar Inna ta yi ɓarna. Maganar kar tuwo ya lalace kuwa, har cikin tsananin sanyi ta faɗe ta a gabana, na ce to. Matan suka ga na canza fuska, suka zaci fushi na yi don an ƙaryata ni. Ya Gana ta matso tana ba ni baki, ta ce wallahi Madam kin iya labari, kin ɓoye abin a ciki ne don ki gwada mu. Na kasa ce mata ban ɓoye komai ba, ni aka ɓoye wa. Na sallame su tun lokaci bai yi ba.

Na yi shekaru ina koya wa mata cewa mai karatu ba ya shiga zuciyar marubuci. Abin da yake da shi kawai shi ne abin da mutumin cikin labari ya yi, da abin da ya faɗa, da abin da ya saba yi ya daina. Daga nan yake gane abin da mutumin ya sani. Matan Kelle ba su san Inna ba, ba su kuma yi alkawari a bayan shagon Yaya ba, saboda haka suka dubi Dije da ido wanke. Ni kuwa na riga na yanke wa uwata abin da ta sani da abin da ba ta sani ba, sai na zauna gabanta wata da watanni ina ganin komai, har ina iya rubuta shi daki-daki, ban karanta ko layi ɗaya ba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ban jira ƙarshen sati ba, washegari na shiga motar Gure. Na ce wa Inna alli ne ya ƙare na zo ɗauka, ta dube ni ta ce to. Da yamma na zauna gefe ina kallo kamar baƙuwa. Fanna ta kwashe tuwo, Inna ta ce a zuba na Bukar. Yaya ya shigo ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce Bukar ya bugo ɗazu, yana lafiya, ya samu aiki mai kyau. Na kafa wa bakin Inna ido ina roƙon Allah ta tambayi ranar dawowa, ko sau ɗaya, in samu in ƙaryata matan Kelle.

"Madalla," in ji ta. "Ina amsawa."

Ba ta tambaya ba. Ta dubi bayan Yaya har ya fita masallaci, irin kallon da ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Sannan ta ce in miƙa wa maƙwabciya kwanon ta kan katanga, kar ya lalace. Na miƙa.

Da safe na sami Yaya a shago na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye mudun da ke hannunsa.

"Falmata, kina cikin hankalinki? Matan Kelle ne za su gaya mini abin da ke zuciyar uwata? Daga tatsuniyar da kika ƙaga?"

Na ce ba tatsuniyar ba ce, kwanon ne, da ragon, da tambayar da ta daina.

"In ta sani me ya hana ta faɗa? Inna ce mai riƙe magana? To na ji. In kuma kuskure kika yi fa? In kika buɗe baki ta faɗi a gabanki, matan naki ne za su tashe ta?"

Ina so ku san wannan, ku 'ya'yansa. Ubanku ba mugu ba ne, tambayarsa gaskiya ce. Ba ni da wata hujja sai abin da mata suka karanto daga allo. In sun yi daidai, mun bar uwarmu tana makokin ɗanta ita kaɗai a tsakiyar gida cike da mutane, kuma kowace rana muka ƙara zalunci ne. In sun yi kuskure, ina iya kashe ta da kalma ɗaya. Na fito daga kasuwa ban san inda ƙafata ke kai ni ba, na zagaya unguwa, na wuce ƙofar gidanmu na dawo. Abin da ya tsayar da ni a ƙarshe shi ne kallon nan da ta bi Yaya da shi. Wadda ake yaudara ba ta kallon mai yaudararta da tausayi.

Na shiga da hantsi. Fanna ta tafi rijiya, Inna na zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da hannunta mai lafiya. Na cire takalmi tun daga nesa, na gyara mayafi na rufe kai, na durƙusa gabanta yadda ake durƙusa wa wanda aka yi wa rasuwa. Ban ce mata Bukar ya mutu ba, har ta bar duniya bakina bai furta mata wannan ba. Gaisuwa na yi mata, wadda duk mai jin Hausa ya san ba a yin ta sai an yi rashi. In wannan shi ne faɗa, to na faɗa.

"Inna, ya haƙuri?"

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. Na zuba wa gefen bakinta ido, wajen da ya taɓa karkacewa. Da ta buɗe baki da Manganci ta yi magana, harshen da take komawa in abu ya kai mata zuciya, ni kuma zan sa muku da Hausa tunda yawancinku kun bar shi ya zube.

"Da godiya," in ji ta. "Tun kaka nake jiran wani ya tambaye ni."

Sai ta fashe da kuka. Ban taɓa jin irinsa ba, kukan da aka daɗe ana dannewa, yana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Na rungume ta muka yi tare, gyaɗa ta watse a ƙasa kaji suka taru a kai ba mai korarsu. Da ta lafa na tambaye ta wa ya faɗa mata, don na ɗauka wata maƙwabciya ce bakinta ya suɓuce.

"Ku kuka faɗa mini," in ji ta. "Ranar da kuka dawo daga sunan nan naku na Damagaram, yayanki ya zauna nan ya ce Bukar yaro ne mai zuciyar kirki. Lawan fa! Ke ma kika daina ce masa ɗan banza. Telan da ya yi shekaru yana ƙorafi ya aiko mini da goro. Ni na haifi Bukar, na san ba a yabonsa a gidan nan yana da rai."

Na ba ta labarin matan Kelle da abin da suka karanto a allo, na ce to don me ba ta yi magana ba, ta bar mu muna ta wannan wasa.

"Na ga idon Lawan. Yaron nan tsoro ya cika shi, ya rasa uba ya rasa ƙane, in na yi kuka na faɗi zai ce shi ne. Sai na ce bari in riƙe nawa, su riƙe nasu. Amma da nauyi, Falmata. An yi wa ɗana sadaka ban taɓa gumbarsa ba. Ba wanda ya ce mini Allah ya jiƙansa. Shi ya sa nake ba da tuwon a gabanki, ke mai koya wa mata karatu, na ce ko za ki gane. Ashe sai an kai ki Kelle an karanta miki."

Ko a cikin hawaye sai da ta tsokane ni, haka take. A ranar ta sa aka buɗe ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi, ta zauna ta karɓi gaisuwar ɗanta kamar jiya ya rasu. Maƙwabta suka yi ta shigowa kai a ƙasa, waɗanda suka yi watanni suna yi mata fara'ar ƙarya. Yaya ya zo a guje daga kasuwa, ya zube gabanta, ta dafa kansa ta ce Allah ya yi masa albarka. Ni ko kallona bai yi ba. Inna ta ga saukar damina, ta ga hatsi ya yi kai, sannan ciwon ya dawo mata, kwana kaɗan ta cika. A wajen zaman makoki Yaya ya faɗa gaban mutane cewa Falmata ta rage wa Inna kwana da labaran ƙaryarta, kuma daga nan bai sake taka gidana ba har shekarun da kuka sani. Na rasa ɗan'uwa na biyu yana raye. Ko abin da na yi ya taɓa lafiyarta, ban sani ba, ni ba lokotoro ba ce, kwana kuma na Allah ne. Abin da na sani shi ne watannin nan na ƙarshe ta yi su tana kiran sunan ɗanta a fili tana yi masa addu'a, muna cewa amin.

Saura abu guda da ban taɓa gaya wa kowa ba. A wannan hantsin, kafin Fanna ta dawo daga rijiya, Inna ta riƙe hannuna ta ce akwai tambayar da ta fi kowace cin ta, kuma ba ta da wanda za ta yi wa. Na riga na ba ta labarin motar da sahara da mutumin Gidigir da ya rufe shi.

"Ya samu ruwa kafin ya cika?"

Na san amsar, don ni ma ita na fara yi wa mutumin. Na buɗe baki zan ce e, ya samu, an ɗiga masa. Ƙaryar na kan harshena, ƙarama ce, kuma mun yi manya da suka fi ta. Amma na ɗan yi jinkiri, na numfashi guda, ita kuwa idonta na kan fuskata.

"Bari," in ji ta. "Na ji."

Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce in shiga ɗakinta in fito da babbar randar da ta zo da ita gidan aure, in kafa ta a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, in ɗaura mata moɗa. Duk safiyar duniya tana jan ƙafa har zaure ta tabbata an cika ta, mai wucewa ya sha, makiyayi ya sha, baƙon da ya sauka daga mota ya sha. Ita ce randar da kuka taso kuna gani, wadda kuke gunaguni in na aike ku cika ta, kuna cewa garin nan yanzu akwai famfo. Yayana, duk fushin da ya yi da ni, bai taɓa wucewa ta ƙofar nan ya ga ta yi ƙasa bai sa an ƙara ruwa ba, ko da yake ban taɓa gaya masa dalilinta ba. Ina jin shi ma ya karanta. Yanzu kun san ta wace ce. In na tafi, kar ku bari ta bushe.